Farin fayin ko rawayan fayin: wanne zaka saya, kuma me sunayen nasu ke nufi?

Wani ƙanina da bai daɗe da zuwa Amurka ba ya kira ni daga cikin shagon katako, yace yaya wallahi na rikice, ina son in haɗa kantar littattafai a falo da kuma ɗan benci a bayan gida inda zamu riƙa zama da yamma, amma ko ina na duba sai inga an rubuta pine pine pine, wato fayin, wani fari sol wani rawaya wani kuma kore-kore kamar ya yi gansakuka, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba, wanne zan ɗauka? Nace masa ka tsaya tukuna kar ka ɗora komai a amalanke, don abin da ya same ni shekarun baya kenan, na sayi farin katako mai kyau mai santsi na haɗa benci na ajiye a waje kan ƙasa, ƙafafunsa suka ruɓe tun ban gama morarsa ba, kuma wanda ya sayar min bai ce min komai ba duk da na faɗa masa a waje zan ajiye. Abin ya min ciwo sosai, shi yasa tun daga lokacin na zauna na koyi itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya har da ma'anar sunayensu.

Abu na farko da ya kamata mutum ya cire a ransa shine wai fayin itace ɗaya ne. Dangi ne babba, irinsu sun haura 100 a duniya, kuma a Arewacin Amurka kaɗai akwai gommai. Kamar kaje 'yan katako a gida kace a baka "katako" kawai, ai sai an tambaye ka obece kake so ko madaci ko iroko, toh haka abin yake. Masana sun raba su gida biyu, masu laushi da masu tauri, kuma in kana gaban bishiyar a raye ganewa ba wuya, ganyensu siriri ne kamar allura kuma a ɗaure suke fitowa dami-dami, in ka ƙirga ka samu allura 5 a dami ɗaya toh mai laushi ne wato dangin farin, in 2 ko 3 ne mai tauri ne wato dangin rawayan. A shago dai ba ganye, sai dai tambarin da aka buga jikin katakon, zamu zo kansa.

Bari in fara da farin don shi nafi ƙauna, ba zan ɓoye ba. Sunansa eastern white pine, wato farin fayin na gabas, a Latin kuma Pinus strobus, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya sa masa a 1753. Farin da ake nufi launin katakon ne in an yanka, fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara, in ya kwana biyu yana shan haske sai ya koma kamar ruwan zuma. Yana fitowa a arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada, su Maine da New Hampshire da Michigan da Ontario, ya kuma bi tsaunukan Appalachia ya gangaro kudu. Yana cikin bishiyoyin da suka fi tsawo a gabashin nahiyar, har yanzun akwai waɗanda suka haura mita 50. A Ingila kuma in kaji ance Weymouth pine shi ake nufi, saboda wani matuƙin jirgin ruwa George Weymouth da ya je gaɓar Maine a 1605.

Tarihin bishiyar nan yana taɓa ni gaskiya. Mutanen asalin ƙasar da ake kira Haudenosaunee, waɗanda Turawa ke cewa Iroquois, suna kiranta bishiyar zaman lafiya, allura biyar ɗin nan da ke dami ɗaya suna ɗaukarsu a matsayin ƙabilunsu biyar da suka ajiye makami suka haɗe, Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca. Da Ingilishi suka zo kuma sai suka ga wani abu daban a jikinta, suka ga doguwa ce miƙaƙƙiya ga rashin nauyi, daidai da dogon turken da ake kafawa tsakiyar jirgin ruwa a ɗaura ƙyallen da iska ke turawa. A takardar mulkin Massachusetts ta 1691 aka rubuta cewa duk bishiyar da kaurinta ya kai inci 24 a filin da ba a riga an mallaka wa wani ba ta sarkin Ingila ce, ma'aikatan sarki suna bin daji da gatari suna sara alamar kibiya a jikinsu, in ka sare wadda aka yiwa alama ka shiga uku. Mutanen wurin abin ya ishe su, a 1772 a garin Weare na New Hampshire masu injinan yankan katako suka yiwa jami'in da ya zo kama su dukan tsiya suka kore shi daga gari, shekara uku kenan kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke. Kaga katakon da kake gani a jingine a shago ba ƙaramin abu bane a wurin mutanen nan, har yau Maine ana mata kirari da jihar bishiyar fayin.

Toh a wurin aiki yaya yake? Wallahi daɗi. Zarto na shiga kamar ana yanka sabulu, ƙusa na shiga ba tsagewa ko da kusa da baki ka buga, gam na kamawa, fenti na zama lafiya lau, kuma babban abin da yasa kafintoci ke sonsa shine baya motsi sosai, in ya bushe ya bushe kenan, ba kasafai zakaga ya murɗe ko ya bauɗe ba don yanayi ya canza. Wanda ya taɓa aiki da obece a gida zai gane me nake nufi, kusan hannu ɗaya ne. Aibinsa kuma shine laushin nan dai, farcenka ma in ka danna sai ya bar shaida, yaro ya buga mota ta wasa a kan tebur shikenan tabo ya zauna. Akwai wani gwaji da ake kira Janka, ana danna ƙwallon ƙarfe ɗan ƙarami har rabinsa ya nutse cikin katako a auna ƙarfin da aka sa, farin fayin yana kan fam 380 ne kacal, obece wajen 430, shi kuwa iroko 1,260. Nauyinsa kuma wajen kilo 400 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, in ya bushe. Sannan in ka ɗora masa kaya masu nauyi a dogon tsayi ba tallafi a tsakiya zai lotsa a hankali, wannan ya shafi kantar littattafai kai tsaye, littafi ba wasa bane wurin nauyi musamman manyan mujalladai irin na tafsiri da hadisi.

Yanzun rawayan. In kaga an buga SYP a jikin katako toh southern yellow pine kenan, rawayan fayin na kudu, kuma shima ba itace ɗaya bane, guda huɗu ne manya ake haɗawa a sayar da suna ɗaya, longleaf da loblolly da shortleaf da slash. A nan ne sunayen suka fi daɗin bincike.

Longleaf ma'anarsa dogon ganye, kuma sunan ya dace don allurarsa na kaiwa santimita 45, amma sunan Latin ɗin, Pinus palustris, kuskure ne aka tafka, palustris na nufin na fadama, wani Bature masanin tsirrai Philip Miller ne ya sa masa a 1768, alhali bishiyar tafi son tudu mai yashi inda ruwa baya kwanciya. Sunan dai ya riga ya zauna ba a canza ba. A da dajinta ya shimfiɗu tun daga Virginia har gabashin Texas, wajen eka miliyan 90, aka yi ta sara ana tatsar ƙaronta ana dafa kwalta don toshe jiragen ruwa da kuma man sirka fenti, har mutanen North Carolina suka samu laƙabin Tar Heel wato masu kwalta a dunduniya, kafin a farga abin da ya rage bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wani abin mamaki game da ita shine tana ƙarama shekaru take yi a ƙasa kamar tushen ciyawa, kai baka ce bishiya bace, ashe saiwa take turawa can ƙasa, gobarar daji tazo ta wuce ta kanta ta ƙone abokan gasarta ita ko a jikinta, sai daga baya ta miƙe da sauri. Da aka hana wuta a dazuzzukan ma sai hakan ya ƙara kashe ta, yanzun da gangan ake cinna wuta ana lura da ita don dajin ya dawo. Katakonta na cikin sarakunan fayin wurin ƙarfi, Janka 870, nauyi wajen kilo 650, kuma tsohon da ake cirowa daga tsofaffin masaƙu da rumbunan ajiya ana kiransa heart pine wato zuciyar itacen, ja ne jawur cike da ƙaro, tsada gareshi ba kaɗan ba. Gaskiyar magana ba shi zaka samu a tarin SYP na shago ba sai dai jefi-jefi.

Wanda zaka samu galibi shine loblolly, kuma wannan suna ne da na daɗe ina jin daɗinsa. Asalin kalmar a tsohon Turancin Ingila wani abinci ne mai kauri da ake damawa a jiragen ruwa ana ba matuƙa da marasa lafiya, kamar dai kunu mai kauri ko fate, yana tafasa yana ɓal-ɓal. Da kalmar ta ƙetaro kudancin Amurka sai mutane suka riƙa kiran kududdufin taɓo da ita tunda kamanninsu ɗaya, ita kuma bishiyar a irin waɗannan wuraren masu caɓi aka fi ganinta a da, shikenan ta zama fayin ɗin taɓo. Kaga ashe sunan fadamar da aka liƙa wa longleaf ita loblolly ce ta fi dacewa da shi. Sunanta na Latin Pinus taeda, taeda kuma itace ne mai ƙaro da mutanen Rum ke kunnawa su haska hanya da dare. Manoman kudu kuma suna ce mata oldfield pine, ta tsohuwar gona, saboda duk gonar audugar da aka bari saura ita ke fara mamayewa. Saurin girmanta yasa ita ake shukawa layi-layi kamar dawa daga Georgia zuwa Arkansas, a shekara ashirin da biyar zuwa talatin an sare an sake shukawa, a yawan bishiyoyi ma a duk Amurka ita ce ta biyu. Janka ɗinta 690, nauyi wajen kilo 570. Sauran biyun a gurguje, shortleaf gajeren ganye kenan, Latin ɗinsa echinata daga bushiya aka samo saboda ƙayoyin jikin 'ya'yansa, slash kuma kalmar mutanen kudu ce ta fadama mai sarƙaƙiya, yafi yawa a Florida da kudancin Georgia.

A wurin aiki rawayan nan jarumi ne amma mai taurin kai. In ka duba bakin katakon zakaga layi-layi, wani fari mai laushi wani ja mai tauri, farin na farkon damina ne lokacin da bishiyar ke girma da sauri, jan kuma na ƙarshen kaka. Jan layin nan shine ƙarfinsa, shine kuma matsalarsa, don ƙusa in ta same shi sai ta goce ko ta tsaga katakon, dole ka fara huda da dirila in kana kusa da baki, kuma yana ƙara tauri in ya tsufa, wanda ya taɓa gyaran tsohon gida a kudu ya san ƙusa lanƙwashewa take a jikinsa. Ƙaronsa na cika haƙoran zarto ya toshe samfefa. Yana kuma motsi, ka sayo shi miƙaƙƙe ka ajiye a gareji sati ɗaya ka dawo ka tarar ya murɗe kamar igiya in ba ka danne shi da kyau ba. Fenti ma baya daɗewa a kan jan layin kamar yadda yake daɗewa a farin fayin. Amma wurin ɗaukar kaya ba a haɗa su, shi yasa dashi ake rafta da gungumen da ke riƙe daɓen bene da matakala, yana riƙe ƙusa da sukuru gam-gam in sun shiga.

Sai kuma koren nan da ƙanin nawa ya gani. Ba wani iri bane daban, rawayan fayin ne aka sa a tukunyar matsi aka tura masa maganin da ke da tagulla a ciki har cikin naman katakon, tagullar ce ke bada koren. Dalilin da yasa shi ake zaɓa a wannan aikin shine ɓangaren wajen gungumensa yana da kauri kuma yana shan magani sosai kamar soso. Wannan shine na waje, na benci da shinge da dandamalin bayan gida. Amma ko a cikinsa akwai hawa biyu, duba 'yar takardar roba da aka maƙala a bakin katakon, wani an rubuta na saman ƙasa ne kawai, wani kuma ground contact wato wanda zai iya taɓa ƙasa, ƙafar benci da turken shinge wannan na biyun suke so. Sannan ƙusa ta gama-gari bata yi dashi, tagullar na cinye ƙarfe, sai wadda aka tsoma a tutiya mai zafi ko kuma ta bakin ƙarfen da baya tsatsa. A da ana amfani da wani magani CCA mai sinadarin arsenik, an daina sa shi a katakon gidaje a Amurka daga ƙarshen 2003, toh in ka gaji tsohon dandamali a gidan haya ka sani mai yiwuwa irinsa ne. Don Allah, wannan da gaske nake, kar wanda ya ɗebi guntayen koren katako ya hura wutar gashi dasu, na san mu da tsire da balangu ranar sallah, hayaƙin da tokar guba ne. Ko fayin da ba magani ma bai dace da gashin nama ba, ƙaron na sa hayaƙi baƙi mai ɗaci.

Akwai na uku da ke tsakiya wanda in kana yammacin ƙasar shi zaka fi gani, ponderosa. David Douglas, wani ɗan Sikotlan mai yawon tattara tsirrai, shi ya ci karo dashi a 1826 wajen inda garin Spokane yake yanzun a jihar Washington, ya sa masa ponderosa wato mai nauyi. Sai dai in ka ɗaga katakonsa da ya bushe zakaji ba wani nauyi, wajen kilo 450 ne, Janka 460, ko kusa da loblolly bai kai ba. A wurin masana dangin rawayan ne don allura uku gareshi galibi, amma a hannun kafinta halin farin gareshi, laushi da biyayya, shi yasa masana'antun taga da ƙofa ke amfani dashi sosai. In Allah ya kai ka Montana ko arewacin Arizona wajen Flagstaff ka kanga hancinka jikin ɓawon tsohuwar bishiyar da rana ta daka, ƙamshi ne kamar na banila, na yi hakan kuma ban manta ba. A wurin zaɓi dai ka ɗauke shi a matsayin farin fayin na yamma da ya ɗan fi tauri kaɗan, duk abin da zan ce ka yi da farin zaka iya yi dashi.

Sauran sunayen da zaka iya karo dasu, sugar pine na California da Oregon wanda ƙaronsa ke da zaƙi shi yasa aka ce na sukari, shima mai allura biyar ne mai laushi. Lodgepole, ma'anarsa sandar bukka, don da siraran sandunansa mutanen asalin ƙasar ke kafa tantinsu na fata. Red pine da mutanen Minnesota ke kira Norway pine alhali ɗan asalin Amurka ne bai da alaƙa da Norwe. Sai wanda ya fi ruɗa mutane a ƙasashen waje, Oregon pine, wannan ba fayin bane sam, Douglas fir ne, katako ne mai kyau da ƙarfi amma dangi daban. Sannan in kaga allunan fayin masu tsabta ba ƙulli ko ɗaya a jiki ka duba takardar, sau da yawa radiata ne, asalinsa gaɓar California wajen Monterey amma a Niyu Zilan da Cile ake nomansa a dawo dashi.

Shi kuma tambarin SPF da ke jikin yawancin tu-bai-fo masu araha, haɗin gambiza ne na spruce da fayin da fir, yawanci daga Kanada, fayin ɗin da ke ciki lodgepole ne ko jack pine. Na cikin bango ne, mara nauyi, ƙusa na shiga da sauƙi, baya kai SYP ƙarfi kuma baya jure waje. Tunda na ambaci tu-bai-fo, kar ka yi lissafi da inci 2 da 4 kamar yadda muka saba, a nan bayan an busar an goge inci 1.5 ne da 3.5, haka wan-bai-tuwal ma kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, faɗinsa 11.25. KD a tambari na nufin an busar a tanda, in kaga 19 a gefe danshin da ya rage bai wuce kashi 19 cikin 100 ba, wanda har yanzun da saura in kayan ɗaki zaka yi, musamman a ƙasar da ake kunna hita wata biyar iska ta bushe ƙayau.

Toh ga abin da na faɗa wa ƙanin nawa. Bencin waje ba shawara a ciki, koren SYP, ƙafafun na taɓa ƙasa, da sukurun da aka yi don shi, kuma ya bar shi ya sha iska ya bushe makonni kafin ya shafa wani abu a kai don yawanci jiƙe yake fitowa daga shago. Kantar littattafai kuma nan ne ake ɗan tunani. Ni farin fayin ko ponderosa na zaɓa masa, saboda shi sabon hannu ne bashi da kayan aiki sai zarto da dirila, a ɗakin haya yake wanda wata rana zai tashi ya ɗauki kayansa ya sauko da bene, kuma yana son ya yi fenti. Sharaɗin kawai kar tazarar kowane hawa ta wuce ƙafa biyu da rabi ba tare da tallafi ba, in kuma yana son ta fi haka tsawo ya manna siririn katako a tsaye a bakin gaba ko baya, wannan ɗan ƙarin yana hana lotsawa fiye da yadda mutum zai zata. Da ace kantar gareji ce ta ɗora buhunan shinkafa da jarkokin mai da kayan mota, toh rawayan zan ce ba ko tantama, ga ƙarfi kuma a kudu shi yafi araha. Teburin cin abinci ko na aiki da za a riƙa bugu a kai shima rawayan, amma ka sayo manyan alluna irin tu-bai-tuwal don daga manyan gungume ake yanko su sun fi tsabta, ka ajiye su cikin gida da 'yan sanduna a tsakani wata guda su saba da iskar ɗakin, sannan ka tsaga ka yar da tsakiyar da ke da cibiyar itacen don ita ke jawo murɗewa. Sassaƙa, firam ɗin hoto, akwatin kaya, gadon jariri, ƙofar ɗaki, duk farin.

Abu biyu game da gamawa. Ƙullin da ke jikin fayin, wato inda reshe ya fito, yana tsatso ƙaro ya ɓullo ta cikin farin fenti ya zama tabo rawaya bayan watanni, maganinsa ka fara shafa share fage mai shalak, wani irin banish da ake rubutawa shellac, a kan kowane ƙulli kafin fenti. In kuma launi zaka shafa don ya yi kama da madaci, farin fayin na shan launi ba daidai ba wani wuri ya yi duhu wani haske, rawayan kuma juyewa yake, layin mai laushi ya sha ya yi baƙi mai taurin ya ƙi sha, toh ka gwada a guntu tukuna. Ni dai nafi son a bar shi da banish mara launi ya yi ja da kansa.

Ga 'yan uwa kafintoci da ke gida kuma, na san fayin na iso muku ta hanyar falet da akwatunan da ake ɗauro injina a kwantena, kuma ana yin kujeru da tebura masu kyau dasu. Ku duba tambarin da aka ƙona a gefe, akwai haruffa biyu na ƙasar da ya fito, US ko CA misali, sai HT ko MB. HT na nufin an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na minti 30 don kashe ƙwarin da ke ciki, MB kuma hayaƙin magani aka yi masa, ni bana son a yi abin da zai taɓa abinci ko gadon yara da wannan. Wanda ya yi nauyi a hannu da jan layi ɓaro-ɓaro da ƙamshin ƙaro toh rawayan ne, ku sa shi a ƙafa da firam, mara nauyin ku sa a fuska. Shuɗi-shuɗin da kuke gani a wasu ba ruɓa bane, wani naman gwari ne da ke canza launi kawai baya rage ƙarfi. Amma gashin nan na HT ba maganin gara bane ko kaɗan, ya kashe na ciki ne ranar da aka yi shi shikenan, kuma gara na son fayin sosai, farin da rawayan duka, ba kamar azarar giginya bane da za a sa a rufi a manta. In zai zauna a ɗaki mai daɓen ƙasa ko jikin bangon laka sai an shafe shi da maganin gara ta ko'ina har bakin da aka yanka, a kuma ɗaga ƙafafun daga ƙasa ko da a kan bulo ne.